Goɗiyar Baba Nagoda da Magagarin Maƙeri

Akwai wani magidanci da aka yi a Tudun Wada ta Zariya, wajen shekarar 1955, sunansa Kailani. Shi da matarsa Ishatu suna zaune ne a gidan mahaifinsa, Baba Nagoda.

Baba Nagoda manomi ne, gonarsa tana can Dutsen Abba. Tun da ya faɗo daga kan rumbu gwiwarsa ta hagu ta sandare. Daga zaure zuwa masallaci ma sai da sanda, sai kuma ya huta a hanya.

Amma yana da wata tsohuwar goɗiya mai fararen ƙafafu, ana ce mata Danda. In aka ɗora shi a kanta, ya zama mai ƙafa kamar kowa. Ita ke kai shi gona, ita ke kai shi suna da jana'iza. In ba ta, iyakarsa tabarmar zaure.

A ranin shekarar ne Kailani ya samu shiga koyon aiki a wurin duba dabbobi da ke bayan kasuwa. Wanda aka haɗa shi da shi Malam Ezekiyel ne, malamin dabbobi, Kirista ɗan Zariya, wanda aka sani da gyaran haƙoran dawaki.

Malam Ezekiyel mutum ne marar yawan magana. In ba ka tambaye shi ba, sai ku wuni bai ce maka komai ba in ban da "riƙe nan" da "kawo ruwa". In kuwa ka tambaye shi, sai ya ja kujera ya yi ta bayani har ka gaji. Kailani shirun kawai ya lura da shi.

Koyarwar tasa a hankali take tafiya. Da farko ƙoƙon kan wani mataccen doki ya ajiye masa, ya ce ya koyi sunayen haƙora. Daga nan ya nuna masa giɓin da ke tsakanin haƙoran gaba da matauna, inda linzami ke zama, da yadda ake zura hannu ta nan a kamo harshe a jawo shi gefe.

"Muddin harshensa yana tsakanin haƙoransa, ba zai cije ka ba," in ji shi. "Doki ba wawa ba ne, ba ya cizon kansa."

Sai dafa kayan aiki a tafasasshen ruwa. Sai riƙe ragama. Amma magagari, wato dogon ƙarfen nan mai kaushi da ake goge haƙora da shi, bai taɓa barin Kailani ya sa shi a bakin doki mai rai ba.

"Malam, yaushe zan fara gugar?"

"Ran da hannunka ya fara gani."

Shi kuwa aikin guga a can cikin baki ake yin sa, inda ido ba ya kaiwa. Mai kallo ba ya ganin komai sai ƙotar magagari tana shiga tana fita, da ƙara ƙarar-ƙarar. Kailani ya yi ta kallon ƙotar, har ya ɗauka ya iya.

Ran nan wani falke mai suna Salmanu ya kawo baƙin ingarmansa. Dokin ya rame, yana dalalar da yawu, ga kumburi a gefen muƙamuƙi.

Malam Ezekiyel ya buɗe bakin, ya leƙa hancin, ya shafa wuyan har zuwa ƙirji. Sai ya saki harshen, ya rufe bakin a hankali. Bai taɓa magagari ba. Ya je ya daɗe yana wanke hannu da sabulu, sannan ya ja Salmanu gindin bedi suka yi ƙus-ƙus.

Ba a yi mako ba aka ja dokin bayan gari aka harbe shi.

Bayan 'yan kwanaki aka kawo wani. Nan ma haka: buɗe baki, rufe baki, wanke hannu, magana a gefe. Shi ma aka harbe shi.

Kailani ya ga abin da idonsa, amma bai tambaya ba. Wurin abokinsa Isiyaku mai goro ya kai zancen.

"A'a, likitan haƙori! Yau bakin wa aka leƙa?" in ji Isiyaku, yana yayyafa wa goronsa ruwa.

"Bari kai dai. An sake harbe wani."

"To da ma me kake zato? Kai kana can kana dafa ƙarafa kamar mai tuwo-tuwo, ba ka san abin da ake ciki ba. Leƙen bakin nan ƙidayar shekaru ce. Wanda ya tsufa, Turawa ba sa son ya ci ciyawa a banza. Ubangidanka shi ke nuna musu."

"Kai Isiyaku, ka ji tsoron Allah. Dokin Salmanu ai ba tsoho ba ne."

"To me ya yi? Ya gaya maka?"

"Bai gaya mini ba."

"Ka gani! Abin arziki ai ba a jan mutum gindin bedi kafin a faɗe shi."

Tun daga ranar Kailani ya fara kallon malaminsa da wani ido. In Malam Ezekiyel ya yi shiru, ya ce ƙulli yake yi. In ya yi murmushi, ya ce na rufa-rufa ne.

Ana cikin haka Danda ta fara sauyawa.

Sai ta ɗauki harawa ta yi ta tauna, can kuma ta tofar da ita a dunƙule, jiƙe da yawu. Tana karkata kai in tana ci. In an sa mata linzami sai ta yi ta fizga. Wata safiya Kailani ya ga kumatunta na dama ya kumbura, bakin kuma yana ɗan wari.

Yawu, kumburi, rama. Abin da ya gani a jikin dokin Salmanu ke nan. Ga shi kuma ita tsohuwa ce.

Ranar da ya je aiki, yana cikin wanke bokiti, sai Malam Ezekiyel ya ce ba tare da ya ɗago kai ba, "Kwana biyu ban ga Baba ya wuce a kan goɗiyarsa ba. Lafiya dai?"

Kailani ya ajiye bokitin.

"Lafiya lau, Malam. Ai rani ne, ba aikin gona."

"Wancan makon na gan ta tana fizgar linzami. Ka kawo ta in duba."

"To, Malam."

A ransa kuwa cewa ya yi: wato har ya sa mata ido.

Da ya koma gida ya kwance Danda daga turkenta na ƙofar gida. Ya shigar da ita can bayan rumbu, ya kewaye wurin da zana. Sannan ya durƙusa gaban mahaifinsa.

"Baba, in Malam Ezekiyel ya ga goɗiyar nan, an harbe ta."

Tsohon ya dube shi.

"Ɗan gidan Kato? Na san ubansa. Ban san su da mugunta ba."

"Baba, ni nake tare da shi kullum. Sau biyu a gabana."

"To. Kai ne a cikinsu, kai ka sani. Amma damina ta matso, Kailani. Ban taɓa barin wani ya fara shuka a gonar nan ba ina raye."

"Ni zan gyara ta, Baba. Na ga yadda ake yi."

Kayan wurin aiki a kulle suke, don haka ya je maƙera ya aro magagari a wurin Mahmudu maƙeri, irin wanda ake wasa gatari da shi.

"Me za ka goge da wannan?" in ji Mahmudu.

"Ƙyauren ɗaki ne yake cijewa."

Ya jira Lahadi, lokacin da ya tabbata Malam Ezekiyel yana coci. Ya ɗaure Danda tamau, ya kamo harshen kamar yadda aka koya masa, ya zura hannu can ciki. Wani kaifi ya yanke shi a wuyan hannu, bai kula ba. Abin da yatsunsa suka tarar shi ne saman matauna, duk tudu da kwari, kaushi kamar bayan kada.

Ya ce a ransa, ga ciwon nan. Ina za ta iya ci da wannan?

Ya kwantar da magagari a kan haƙoran ya shiga guga. Danda ta yi ta ja da baya tana huci, gumi yana keto mata. Ya goge na ƙasa, ya juya ya goge na sama. Bai gama ranar ba, ya ci gaba washegari bayan la'asar, da jibi. Sai da ya shafa ya ji sumul kamar bayan cokali sannan ya mayar wa Mahmudu ƙarfensa.

Ya jira sauƙi. Sauƙi bai zo ba.

Kumburin yana nan. Harawa kuwa yanzu ko dunƙule ta ba ta iya yi, sai ta juya ta a baki ta zubar. Dawar da ake ba ta takan fito a kashinta ƙwaya-ƙwaya yadda ta shiga, kaji suna bi suna tsincewa. Haƙarƙarinta ya fara bayyana ɗaya-ɗaya.

Ishatu ta ce, "Malam, ba ka kai ta wurin mutumin nan ba?"

"Ke dai ki yi shiru. Kuma ko maƙwabta kada su ji."

A wurin aiki kuwa, wata rana yana miƙa ragama, hannun rigarsa ya zame. Malam Ezekiyel ya tsaya yana duban yankan da ke wuyan hannunsa.

"Me ya yanke ka?"

"Kara ne, Malam."

"Kara." Ya karɓi ragamar. "Ina goɗiyar?"

"An kai ta ƙauye. Wurin kawuna."

Malam Ezekiyel ya gyaɗa kai, ya ci gaba da aikinsa. Kailani ya wuni yana satar kallonsa. Da ya ga ya shiga ofis ya daɗe, ya ce shi ke nan, rahoto ya kai.

Ran Asabar da hantsi, Kailani yana bayan rumbu yana ƙoƙarin tayar da Danda, sai ya ji ƙararrawar keke a ƙofar gida, ya ji sallama.

"Baba, barka da hutawa. Ezekiyel ne, ɗan gidan Kato."

"Maraba, maraba. Yaya tsohon naka? Har yanzu yana nan da rigimarsa?"

"Yana nan, Baba. Ya ce in gaya maka ya fi ka haƙora."

"Ƙarya yake yi, na roba ne!"

Kailani ya fito da gudu ya tsaya a ƙofar da ke shiga cikin gida, ya tokare ta da hannu biyu. Ya leƙa waje ko akwai mai bindiga. Ba kowa sai keke, da jakar kayan aiki ɗaure a bayansa.

"Malam, na gaya maka tana ƙauye."

Daidai nan Danda ta yi wata 'yar haniniya marar ƙarfi daga bayan zana.



Baba Nagoda ya dubi ɗansa, ya dubi baƙon. Ya ce, "Kailani, ba shi hanya. Ta riga ta kwanta. Abin da kake gudu, in ma ba a yi mata shi ba, yunwa za ta yi."

Aka yi wa Ishatu magana ta shiga ɗaki. Malam Ezekiyel ya wuce bayan rumbu, Kailani yana biye da shi kamar inuwa, Baba yana ɗingishi a baya.

Suka taru suka ɗaga ta. Malam Ezekiyel ya leƙa hancinta, ya shafa wuyanta har ƙirji, ya bi ƙafafun. Sannan ya kamo harshen ya zura hannu. Ya daɗe hannunsa yana ciki, idonsa a rufe.

Sai ya zare hannun, ya rufe bakin a hankali. Bai ce komai ba.

Kailani ya zabura. Ya rungume wuyan goɗiyar.

"Wallahi ba za a ja ta bayan gari ba! Sai dai a haɗa da ni!"

"Wa ya yi zancen bayan gari?"

"Haka ka yi wa dokin Salmanu! Ka buɗe, ka rufe, ka yi shiru. Na gani!"

Malam Ezekiyel ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa.

"Dokin Salmanu ƙuraje ne da shi masu fashewa, jere a wuya har cikin hanci. Cuta ce da ke bin dawaki ɗaya bayan ɗaya, ba mu da maganinta. In na sa ƙarfena a bakinsa, na kai wa na gaba. Na ja mutumin gefe ne don kada ya yi kuka a gaban jama'a. Wannan kuwa ba ta da ko ƙurji ɗaya."

"To kumburin fa?"

Malam Ezekiyel ya sa yatsu biyu a kumatun, ya zaƙulo wani curin rubabbiyar ciyawa ya yar a ƙasa. Nan take kumatun ya lotsa.

"Ga kumburinka. Gefen haƙoran sama ne ya yi kaifi yana yankar kumatu, ita kuma take cusa ciyawa a wurin don ta rage zafi. Aikin da kafin a dafa shayi an gama. Shirun da na yi ba nata ba ne. Naka ne. Wa ya sa mata magagari?"

Kailani ya sunkuyar da kai.

"Ni ne. Na ji kaushi, na goge."

Malam Ezekiyel ya juya wajen ɗaki ya ɗaga murya. "Uwargida, a yi haƙuri, tambaya gare ni. In dutsen niƙa ya yi santsi, yaya ake yi?"

Muryar Ishatu ta fito daga bayan labule. "Ai ba ya niƙa. Sai an ƙwanƙwasa shi da ƙarfe ya yi kaushi."

"Na gode." Ya juyo ga Kailani. "Kaushin nan da ka goge, da shi take niƙa abinci. Kaifin da ke cutar ta kuwa yana gefe, ko taɓa shi ba ka yi ba. Shi ne ya yanke ka a hannu. Tun ranar na san ba kara ba ne."

Baba Nagoda ya jingina da rumbu. "Ɗan Kato, a gaya mini gaskiya. Za a iya ƙwanƙwasa nata?"

"Ba a ƙwanƙwasa haƙori, Baba. Da kansa yake komawa, in ana tauna a hankali. A matashin doki ba ya daɗewa. Ita kuwa ta manyanta. Za ta rayu in an jiƙa mata dusa da niƙaƙƙiyar dawa kamar kunu, da ɗanyar ciyawa mai laushi in ruwa ya sauka. Amma ba za ta ɗauki mutum ba a daminar nan."

Tsohon ya juya da sandarsa, ya koma zaure a hankali.

Kailani ya so a ce zaginsa aka yi. Ya ce, "Malam, gobe ba sai na zo aiki ba ko?"

"Gobe Lahadi, ba wanda zai zo. Je ka ɗauko jakata a keke."

Da ya kawo, Malam Ezekiyel ya fito da nasa magagarin, siriri, mai lanƙwasa a kai. Amma bai fara ba. Ya kama hannun Kailani ya shigar da shi bakin goɗiyar, ya bi da yatsunsa ta gefen kumatu.

"Ka ji wannan tsinin?"

"Na ji."

"Na sama ta waje suke kaifi, wajen kumatu. Na ƙasa ta ciki, wajen harshe. Nan kaɗai ƙarfe ke taɓawa, a karkace, ba a kwance ba. Wannan ne darasin da zan koya maka bayan Salla. Da ka tambaye ni, da na gaya maka a tsaye."

Ya miƙa masa ƙotar, ya ɗora hannunsa a kan nasa. Suka goge tare. Kafin inuwar rumbu ta gusa an gama.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar. Kailani ne ya je Dutsen Abba a ƙasa ya yi shuka. Kullum kafin ya tafi aiki sai ya dama wa Danda dusa, in ya taso sai ya biya fadama ya yanko mata ciyawa. Isiyaku ya sa masa suna uwar goyon goɗiya.

Baba Nagoda kuwa yana zaure. In Kailani ya dawo daga gona, tambaya ɗaya ce.

"Dawar ta kai ina?"

Kailani ya nuna idon sahu. Bayan kwanaki ya nuna gwiwa. Daga baya ƙugu, daga baya ya ɗaga hannu sama da kansa. Tsohon yakan bi hannun da kallo, ya ce "Madalla", ya mayar da ido kan hanya. Bai taɓa tayar da zancen magagari ba, ko sau ɗaya.

Sai bayan an yi girbi an ɗaure dammuna Malam Ezekiyel ya sake zuwa, ya sa hannu a bakin Danda, ya ce wa Kailani shi ma ya sa.

"Me ka ji?"

"Kaushi ya fara dawowa, Malam."

"To, a ɗaura sirdi. Amma a tafi a hankali."

Aka ɗora Baba Nagoda. Kailani ya riƙe ragama, suka kama hanyar Dutsen Abba, suna tafiya suna hutawa.

Da suka isa, babu komai a gonar sai kututturen kara, jere-jere har bakin iyaka, da awakin mutane suna kiwo a ciki.

Tsohon ya zauna a kan goɗiyarsa ya daɗe yana kallo. Sannan ya sunkuya ya dubi kaurin wani kututture da ke kusa da ƙafar Danda.

Ya ce, "Ashe an yi dawa bana."



Darasi: Zato ba sani ba ne, kuma kallon aiki ba iya shi ba ne. In ka ga abin da ya daure maka kai a wurin wanda ke koya maka, shi za ka tambaya, ba mai zaman bakin hanya ba. Sau da yawa ɓarnar da muke ɓoye abinmu don kada wani ya yi mana, da hannunmu muke yin ta, kuma wanda ya yarda da mu ne ke ɗaukar asarar. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka sani yana koyon sana'a, da wanda ke koyarwa, ko Allah ya sa wani ya buɗe baki ya yi tambaya kafin ya ɗauki magagari.